Hannun Baba a Cikin Kantar Littattafai

Litinin, 3 ga Maris

Manaja ya kira ni. Wai taron bidiyon da nake jagoranta duk Alhamis ya mutu murus. Ranar 27 zai shigo da kansa ya gani, in bai ga canji ba wani zai ba shugabancin. Na ce to, ranka ya daɗe. Me zan ce?

Mu shida ne masu amsa koken kwastomomi, kowa daga gidansa. Wata takwas ke nan, ni kaɗai ke kunna kyamara. In yi ta zuba kamar rediyo, su biyar kuwa allo baƙi wuluk.

Alhamis, 6 ga Maris

Na ce kowa ya faɗi abin da ya faranta masa rai a makon nan. Can sai Dogo, wanda ya fi kowa daɗewa a aikin, ya ce, "Shugaba, a shiga maganar aiki mana." Kunya kamar in nutse.

Asabar, 8 ga Maris

Baba bai ci abin kirki ba yau. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye na dawo da teburina ɗakinsa, gadonsa na bayana. Ba wanda ya sani a wurin aiki. Hoton wani ofis na ɗora a bayana a cikin bidiyon, kantar littattafai da fure, shi ke rufe gadon. Ba na so a ce hankalina ya rabu biyu.

Alhamis, 13 ga Maris

Kacici-kacici na shirya musu. Mutum uku suka ce sabis ɗinsu na rawa. Ƙarya ce.

Laraba, 26 ga Maris

Yaya ta yi alkawarin zama da Baba gobe.

Alhamis, 27 ga Maris

Yaya ba ta zo ba, 'yarta ta tashi da zazzaɓi.

Manaja ya shigo ƙarfe goma daidai. Ina cikin bayani Baba ya sarƙe da tari. Na daure, na ci gaba da magana, Allah ya yafe mini. Sai na ga hannunsa a allo, ya ɓullo ta tsakiyar littattafan yana laluben kafaɗata. Na miƙe ban kashe komai ba, gwiwar hannuna ta bugi kwamfutar, hoton ya ɓace. Na ɗago shi, na ba shi ruwa, na goge masa baki. Duk suna kallo: gadon, roba, tulin magunguna.

Na dawo na zauna, na ce a raina shi ke nan, ta ƙare.

Allo ɗaya ya yi haske. Dogo ne. Ashe gajere ne, da furfura, zaune a cikin mota. Ya ce, "Shugaba, ƙara masa filo ta gefen da ya shanye. Matata ma haka take. A ƙofar asibiti nake yin taron nan duk Alhamis." Sai ta biyu ta kunna, jariri a kafaɗa, tana cewa a yi haƙuri da ɗakin. Sai na uku, daga kicin. Dogo ya ɗaga murya: "Baba, sannu da jiki!" Baba ya ɗaga hannun mai lafiyar.

Na yi kuka a gabansu.

Juma'a, 28 ga Maris

Saƙon Manaja layi ɗaya ne: in ci gaba. Dogo ya turo lambar mai gashin ƙashin da ke duba matarsa. Baba ya tambaye ni sau biyu yaushe mutanen nan za su dawo, ya ce a fito masa da farar hularsa.

Ban mayar da hoton ofis ɗin ba. Ba wani abu ba ne, na manta inda ake dannawa ne kawai.