Jigon Talatu a Fadamar Mairuwa

Mairuwa, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga maigidana Malam Salihu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar? Ina fatan ciwon harbin yana sauƙi, kuma su Najiba ba sa takura wa mutanen gidan Yaya a Zariya. Tun da aka datse layin waya ba ni da hanyar jin muryarka, shi ya sa na ba Sadiq direba wannan takarda.

Saƙonka ya iso, cewa in kulle gida in taho. Malam, ban taɓa ƙin maganarka ba, amma wannan ka gafarce ni. Irin albasar da ka yafa kafin ɓarayin daji su tare ka a hanyar Yankara ya isa dashe. Kana so in juya masa baya ya bushe, su kuma su ji daɗi sun kore mu? Ba da ni ba.

Na san za ka ce da me zan yi ban ruwa, tunda an hana sayar da fetur a jarka, injinka yana zaure kamar gawa. Na je wurin Baba Gide, tsohon nan da ya yi lambu tare da mahaifinka. Ya ce kafin inji ai da jigo suka ci da iyali. Ya zauna bakin rijiyarmu yana nuna mana da sandarsa, ni da Suwaibatu maƙwabciyarmu, wadda aka kashe wa miji bara. Muka kafa gwafa biyu, muka gitta itace, muka ɗaura doguwar sanda a kai, curin laka a gindinta, igiya da bokiti a bakinta. Jan farko lakar ta yi nauyi, bokitin ya yi sama ya juye mini ruwa tun daga ka. Mazan da ke kallo suka yi ta dariya. Na matse zanena, na rage lakar, na sake ja.

Ka sha maganinka, kada ka sa damuwa.

Matarka,
Talatu

Mairuwa, 20 ga Disamba

Malam,

Sallama da gaisuwa. Na ji an cire maka ɗinki, alhamdu lillahi. Ka shafa mini kan yara.

Mun dasa fangali sittin. Ni ke jan jigo daga hantsi zuwa azahar, Suwaibatu na bin ruwan da fartanya, tana buɗe wannan fangali tana toshe wancan. Tafin hannuna ya fashe, ya warke, yanzu ya yi kanta. In ka riƙe shi ba za ka gane shi ba.

Akwai abin da ba na so ka ji a bakin wani. Ranar Lahadi da rana tsaka ɓarayin dajin suka shigo fadama bisa babura. Ƙarar injin Lawwali, mai lambu kusa da namu, ce ta jawo su, don ya samo fetur ta bayan fage. Suka ɗauke injin, suka yi masa duka. Kowa ya ruga cikin rake, ni kuwa na tsaya cak a bakin rijiya. Ba jarunta ba ce, Malam, tsoro ne ya kafe ni, igiya na hannuna. Ɗayansu ya tsaya a kaina, ya ce tsohuwa, mene ne wannan? Na ce abin da ba ya shan mai ne, kuma ba ya hawa babur. Ya zare adda ya sare sandar gida biyu, suka wuce.

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Washegari na saro wata sandar a bakin rafi. Su sare goma, itace bai ƙare a ƙasar Faskari ba.

Yayanka ya aiko wai in ba wani aron lambun, don ba aikin mace ba ne, ana zunɗen gidanku. Ka gaya masa ina gaishe shi da girmamawa, kuma masu zunɗen su ne yanzu ke zuwa auna tsawon gwafata. Jigo bakwai ke tsaye a fadama yau, har da na Lawwali.

Taka,
Talatu

Mairuwa, 14 ga Maris

Maigida,

Ina gaishe ka gaisuwar kewa. Layi ya dawo tuni, amma in na ji muryarka sai in kasa faɗin abin da ke raina, don haka ga takarda.

Baba Gide ya rasu ranar Juma'a, Allah ya jiƙansa. Ya ga albasar kafin ya tafi. Na kai masa guda, ya juya ta a hannu, ya ce ruwa ya ɗan yi mata yawa. Har ya koma ga Allah bai yabe ni ba, amma kullum sai ya sa an kawo shi bakin rijiya.

Mun cire albasa, ta cika rumfa. Ga buhu guda nan na gidan Yaya, a ci a san daga inda ta fito.

Yanzu maganar da ka yi mini a waya. Ka ce likita ya ce ɗingishin ya zauna, kuma kunya ba za ta bar ka ka dawo garin da matarka ke ci da kai ba. Malam, shekara goma sha tara kana ci da ni, ban ji kunya ba ko sau ɗaya. Kunya tana ga wanda ya harbi mutum yana hanyar kasuwa. In ka zauna a Zariya saboda wannan, to ka ba su abin da ni na hana su.

Kuma ba tausayinka nake ji ba, aiki ne da ni. Suwaibatu ta kafa nata jigon a lambun marigayi mijinta, ba ni da mai bin ruwa, ga tattasai na jiran dashe. Mai juya ruwa a fangali ba gudu yake yi ba, ido ake so da sanin ƙasa, kuma ba wanda ya san gangaren lambun nan kamarka. Ni in ja, kai ka raba.

Ba zan ce maka lafiya ta samu ba. Suna nan cikin daji, mu ma muna nan.

Sadiq zai taso daga Zariya ranar Laraba da safe. Na gaya wa liman, na gaya wa mai unguwa, na gaya wa duk fadama cewa kana cikin motar, kai da yara. Ban taɓa yin ƙarya a garin nan ba, Malam. Kada ka sa in fara.

Matarka mai jiranka a tasha,
Talatu