Kurɓi Ɗaya da Inna Ta Yi a Gidana

Nuzla, Jidda
21 ga Safar, 1447

Zuwa ga Yayana Musbahu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Zubaidatu da yara baki ɗaya. Yaya damina a Funtuwa? Inna ta ce ta baro masararka ta fara goyo, Allah Ya sa a girbe lafiya. Mu nan lafiya lau muke, sai zafi da gumi, wanda ko iskar teku ba ta rage shi. Matata Mastura tana gaishe ka. 'Yarka Sadiyya ta shaƙu da kakarta, Inna tana yi mata Hausa tana mayar mata da Larabci, kuma suna fahimtar juna. Inna ta yi umararta, ƙafafunta sun ɗan kumbura amma sun fara saɓewa. Jibi in Allah Ya yarda za ta taso.

Yaya, sau uku kana kirana a makon nan ina gajarta maganar, ina cewa aiki ya yi yawa. Ba aiki ba ne. Akwai abin da bakina ya kasa faɗa maka, kuma ina so ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci.

Ka san shekara tara ke nan ina aiki a shagon asir na unguwar Madain Fahd, inda muke matse ruwan 'ya'yan itace. A iƙamata, wato takardar izinin zamana, an rubuta lebura. Takardar shaidar karatuna ta kimiyyar abinci tana ƙasan akwati, kafilina da ya ɗauko ni aiki bai taɓa tambayar ta ba, ni ma na daina ambata. Aikina fere mangwaro da wanke injin niƙa. Akwai wani Garba, Bahaushen Sudan, shi ke kawo mana kaya daga kasuwar 'ya'yan itace da ƙaramar motarsa. Mutum ne mai fara'a, yana da mata da 'ya'ya huɗu a unguwar Kurayyat. Wajen wata uku da suka wuce ya fara roƙon a bar masa mangwaron da ya nuna ya wuce sayarwa. Ya ce khal yake haɗawa, wato ruwan tsamin da ake zubawa a salak, don matarsa ta riƙa sayarwa.

Wata rana yana sauke kwalaye ya yi mini ƙorafi cewa haɗin nasa ya ƙi tashi. Kwana biyar jarka tana zaune, ko kumfa babu. Na tambaye shi me ya zuba. Ya ce mangwaro da sukari da yis na burodi, sai ya ƙara da lemon kwali don ya yi auki. Na yi dariya na ce ai lemon kwalin ne ya kashe masa aiki, domin akwai maganin da ake sa masa don kada ya lalace, kuma maganin ba ya barin yis ya rayu. Garba ya tsaya da kwali a kafaɗa yana kallona. Ya ce ashe Daktur ne ke fere musu mangwaro ba su sani ba. Yaya, ba zan ɓoye maka ba, wannan kalma ta yi mini daɗi. Na yini ina jin ta a kunnena.

Bayan mako guda ya dawo da wata matsalar. Wannan karon ya tashi, amma yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na gane zafi ne, domin a ɗakin saman bene ya ajiye jarkar, inda rana ke dukan rufi tun safe. Na ce ya sauko da ita kusa da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya naɗe ta da jiƙaƙƙen tawul, kuma ya riƙa wanke kayansa da tafasasshen ruwa. Har nan ina iya cewa ban sani ba. Amma a zuwa na uku sai ya ce abin yana yi masa tsami, yaya zai hana. Yaya, mai haɗa khal ba ya kukan tsami, tsamin shi ne abin da yake nema. Sannan ya ambaci cewa yana ƙara ruwan sha'ir. A take na san giya yake yi. Na dube shi, ya dube ni, ya sunkuyar da kai yana murmushi. Nan ne ya kamata in ce masa ya isa, kada ya sake kawo mini wannan magana. Ban ce ba. Na yagi gefen kwali na zana masa yadda zai huda murfin jarka ya sa tiyo, ya tsoma bakin tiyon a kwalbar ruwa, iska ta riƙa fita ba ta shiga. Da kwalabensa suka farfashe a bayan gida har matarsa ta firgita, ni ne na bayyana masa cewa ya yi gaggawar toshewa, ya jira sai kumfar ta kwanta. Ban taɓa ɗanɗanawa ba, kuma da wannan nake rarrashin kaina, ina cewa ni tambaya kawai ake yi mini ina amsawa.

Ranar da Inna ta sauka, na tafi filin jirgi tun hantsi. Ta fito da farin mayafinta tana talbiyya a hankali, domin ta ɗauki harami tun a jirgi. Na ga tsufan da ta yi a shekarun da ban gan ta ba, amma fuskarta kamar ta yarinya ranar salla. Shirinmu ta huta a gida, bayan la'asar mu wuce Makka. Abin da ban sani ba, ina can Garba ya biyo ta gidana ya ba Mastura kwalabe biyu irin na shagonmu. Ya ce ta sa a firji, na Daktur ne shi kaɗai. So yake in ga yadda aikin ya yi kyau. Mastura ta ɗauka asir ne daga shago, maganar shi kaɗai kuma ta ɗauke ta wasa. Ka san a nan aka haife ta, a nan ta girma, ba ta taɓa jin ko warin abin ba.

Na shigar da Inna ɗaki, na koma ƙasa ɗauko jakunkuna. Wannan ne karo na farko da Mastura ta ga surukarta ido da ido, ta kwana biyu tana gyaran gida da girki. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta tashi da sauri ta zubo mata abu mai sanyi a kofin da ta saya musamman. Ina shigowa da jaka a hannu warin ya doki hancina. Inna ta riga ta haɗiye kurɓi ɗaya. Na biyun ta furzar da shi cikin kofin, ta ture shi gefe, ta ce a ba ta ruwa. Ta kurkure baki sau uku. Sannan ta ce wannan abu yana warin gidan nan na bakin layin dogo da matan ke dafa burkutu, wanda suke toshe hanci in za su wuce suna 'yan mata. Ta dubi Mastura ta tambaye ta me ta ba ta.

Mastura ta rikice, Hausarta ta gudu, sai rantsuwa take da Larabci tana cewa asir ne, wallahi asir ne. Ta juyo tana kallona don in cece ta. Yaya, ga abin da ya fi komai ƙona mini rai. Na ɗauki kwalbar na sansana kamar ban san ko mene ne ba, na ce zafin gari ne ya lalata shi, na kuma yi wa Mastura faɗa cewa ta riƙa ɗanɗana abu kafin ta ba baƙo. Na yi wa mahaifiyarmu ƙarya tana cikin harami, na ɗora wa matata laifina a ranar da ta fi son a gan ta da kyau. Ta shige ɗakin girki, ina jin ta tana kuka ƙasa-ƙasa.

Bayan la'asar muka kama hanyar Makka tare da Mastura. A mota Inna ta ci gaba da talbiyya, amma jefi-jefi sai ta tsaya ta tambaye ni ko na tabbata lalacewa kawai ya yi. Ina cewa na tabbata. Da muka shiga masallaci ta ga Ka'aba, ta tsaya ta ɗaga hannu hawaye na zuba. Shekara saba'in da huɗu tana jiran wannan tsayuwa. Na tura ta a keken guragu muka yi ɗawafi, a zagaye na uku na ji ta daina addu'a tana motsa harshe a baki. Da muka gama ta sha zamzam, ta kurkure, ta sake sha, ta ce mini ɗanɗanon ya ƙi barin maƙogwaronta. Tsakanin Safa da Marwa ina tura ta ina kallon bayan kanta, ban iya karanta addu'a ko ɗaya ba. Na jira har muka kammala, Mastura ta yanke mata ɗan gashi ta fita daga harami. Sai na durƙusa a gefen keken, a gaban Mastura, na faɗi komai.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ni ko ina sha, na ce a'a. Ta tambaye ni ko na san abin da mutumin yake yi lokacin da nake koya masa. Na ce na sani. Sannan ta miƙa hannu ta kamo na Mastura, ta ce 'yata ki yafe mini kallon da na yi miki. Ni ba ta ce mini komai ba.

Washegari na kai ta wurin wani malami a unguwarmu, na gaya masa an ba ta abu ta sha ba da saninta ba. Ya ce babu komai a kanta, umararta ta yi. Inna ta yi masa godiya, ta ce ita ma ta san Allah ba Ya kama wanda bai sani ba, amma tana so ta je ɗakinSa sau ɗaya da baki mai tsabta. Bayan kwana huɗu muka koma, ta sake ɗaukar harami a masallacin Tan'im. Ta ƙi hawa keke. Da na miƙa mata hannu ta yi kamar ba ta gani ba, ta dafa kafaɗar Mastura. Haka ta yi zagaye bakwai da sa'ayi bakwai da waɗannan gwiwoyin da ka sani, tana tsayawa tana numfashi, ina biye da su a baya riƙe da takalmansu. Kumburin ƙafar da na ambata maka, daga nan ya samo asali.

Na je wurin Garba a Kurayyat. Da ya ji wadda ta sha, ya dafe kai yana salati, ya yi ta ba ni haƙuri. Na ce ya zubar da abin da ya rage, ya zubar a gabana. Amma da na ce ya daina gaba ɗaya, sai ya ce zai yi ƙoƙari, kuma a yadda ya faɗa na san ba zai daina ba. Har ya gaya mini mutum biyu sun riga sun koya a wurinsa, zanen nan nawa yake nuna musu. Na karɓi guntun kwalin na yayyaga, ya ce ai ya haddace. In na kai ƙararsa, ɗauri ne da kora daga ƙasa, 'ya'yansa huɗu su shiga wani hali, ni ma ba zan fita ba. In na yi shiru, abin da na koyar yana ci gaba da tafiya daga ɗaki zuwa ɗaki. Ban san abin da zan yi ba, Yaya. Ka ba ni shawara, duk abin da ka ce zan saurara.

Mastura tana yi mini magana, tana ba ni abinci, amma na ga har yanzu abin yana ranta, kuma tana da gaskiya. Inna kuwa tana amsa gaisuwata safe da yamma, sai dai kwana goma sha ɗaya ke nan ba ta karɓi ko ruwa daga hannuna ba. In na kawo sai ta ce in ajiye, can Mastura ko Sadiyya ta ɗauko mata wani. Jiya bayan magariba ta kira ni ta ce in rubuta maka yadda ake shan magungunanta na hawan jini. Da na gama na miƙa mata, sai ta ce in ƙaro takarda in rubuta ɗayar maganar ma. Ta ce ita ba za ta faɗa wa kowa ba har ta mutu, amma Musbahu ya bar makaranta ya kama garma don Rafi'u ya yi karatu, saboda haka yana da haƙƙin ya san abin da aka yi da karatun.

To ga shi ka sani, Yaya. Ka yafe mini. In ta iso kada ka tambaye ta, ka bar ta ta huta, ka sa a riƙa gasa mata ƙafar da ruwan ɗumi. In ka ga ranta ya yi sanyi wata rana, ka roƙar mini ita.

Ka gaishe da Yaya Zubaidatu, da Zaharaddeen da Bara'atu, da Kawu Rabi'u da iyalinsa, da duk wanda ya tambaye ni. Dabino da zamzam suna cikin jakar Inna, akwai na kowa. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ƙaninka,
Rafi'u