Ƙarar Bawul Ta Raba Ni da Abokan Tafiya

Zuwa ga Shugaban makanikan Gawon Nama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ranka shi daɗe, ni tsohon malamin makaranta ne a Minanata. Na zo garejinku sau biyu ban iske ka ba, shi ya sa na kawo kukana fili.

Na farko. Ɗana da ke aiki a kudu ya aiko min sabon kamshaf, wato ƙarfen da ke buɗe bawul-bawul na injin mota, irin mai ƙara wa inji ƙarfi, wai don tsohuwar motata ta daina nishi a hanyar Wamakko. A cikin kwalin har da takardar da ta faɗi tazarar da za a bar wa kowane bawul, kuma ta ce a auna inji na sanyi. Wani ɗan ƙungiyarku ya ɗaura shi. Na miƙa masa takardar, wallahi da ita ya goge hannu. Inji na zafi ya yi saitin, babu geji na auna tazarar, wai kunnensa ne gejinsa tun ina koyar da ABCD.

Na biyu. Tun ranar motar ke ƙas-ƙas-ƙas kamar keken ɗinki. Na koma sau uku, ya ce sabon ƙarfe ne, zai kwanta. Haba! Ƙarfe jariri ne?

Na uku, kuma shi ne ya fi yi min ciwo. Tun rasuwar mai ɗakina, ni kaɗai ne a gida. Duk Juma'a nakan ɗauki abokaina uku, tsofaffi irina, mu tafi Wamakko karatu wurin malaminmu. Hirar hanyar nan ita ce hirata ta mako. Ɗaya daga cikinsu, Malam Umaru, kunnensa ya yi nauyi, da ƙarar ta zo sai ya daina jin kowa. Sannu a hankali suka koma motar surukinsa. Ban ga laifinsu ba. Juma'ar da ta wuce na zauna a ƙofar gida da mabuɗi a hannu har la'asar, ba wanda ya leƙo.

Roƙona, ranka shi daɗe, ka turo wanda zai auna bawul ɗin nan da geji, da safe, inji na sanyi. Ka kuma ja kunnen mutanenka su riƙa karanta takarda. A yi kafin Juma'a don Allah. Mu huɗu muka rage cikin sa'o'inmu, kuma ban san Juma'a nawa ta rage mana ba.

Allah shi ƙara maka girma, shi sa albarka a sana'arku.

Wassalam.

Naka,
Malam Bello, Minanata, Sakkwato.