Wai Ni Ne Mutumin Da

Litinin, 3 ga Maris
Yau na sami sabon suna: mai ra'ayin riƙau. 'Yata Auta ce ta raɗa mini, a cikin shagona, almakashina a hannunta. Na haɗa shi da na baya, mutumin da, ɗan mazan jiya, tsohon yayi. Laifina kawai na ce keken ɗinki na lantarki ba zai shigo nan ba, kuma ba zan yanka yadin mutum da awon da ya turo ta waya ba. Kafaɗar da hannuna bai taɓa ba, ta yaya zan ɗinka mata riga?

Laraba, 5 ga Maris
Mamarsu ce ta fasa ƙwan. Wani kamfanin ɗinki a wani gari ya kira Auta aiki, ƙarshen wata suke jiran amsa. Na ce Allah ya ba da sa'a. Abinci dai bai shiga ba. Cikin 'ya'yana ita kaɗai ta zauna gaban keke. In ta tafi, ranar da na rufe ido shagon ma ya rufe.

Asabar, 8 ga Maris
Zare ya ƙi shiga allura. Alluran yanzu ne, kafarsu ta cika ƙanƙanta.

Talata, 11 ga Maris
Na kai ƙara wajen maƙwabcina mai aski, ya ƙara mini da nasa. Wai ni ko agogo aka ba ni, baya zan riƙa murɗa shi. Ji mai magana, mutumin da har gobe da fata yake wasa askarsa. Amma da zan tashi ya ce, "Tela, 'yarka ba keke take nema ba, gurbi take nema."

Alhamis, 13 ga Maris
Na dawo daga sayen maɓallai da wuri, na tarar da ita tana farke wandon da na gama jiya. Raina ya ɓaci, har na ɗaga murya. Ta kai shi bakin taga ta nuna mini. Yadi shuɗi, ni kuwa baƙin zare na zuba masa daga sama har ƙasa.
Na ce tun yaushe take wannan aikin?
"Tun bara, Baba."
Ashe yabon da ake yi mini, wai tsohon hannu ba ya kuskure, rabinsa nata ne. Kunya ta kama ni sosai. Tausayinta kuma ya fi kunyar.

Asabar, 15 ga Maris
Wani saurayi ya zo karɓar kaya, sai duba waya yake yi. Auta na zaune tana ɗaure bakin aljihu da allurar hannu, yadda mahaifina ya koya mini. Ni da na ɗauka dariyar wannan aikin take yi a ranta.
Ya ce ta bar shi haka nan, wa zai duba aljihu?
Ta ce, "A shagon nan aljihu ba ya fita sai an ɗaure bakinsa da hannu. In kana sauri, ga kasuwa can."
Maganata ce sak, har yadda nake karkata kai. Ya ce, "Ke ma ashe mutuniyar da ce." Na sunkuya kamar ina neman maɓalli a ƙasa, don kada su ga fuskata.

Laraba, 19 ga Maris
Mamarsu ta ja ni wajen likitan ido. Gilashin da ya ba ni ya yi mini nauyi a hanci. Alluran dai ba su da laifi.

Juma'a, 21 ga Maris
Da safe na sa mai aski ya kama mini, muka matsar da kekena bakin taga. Don haske ne kawai. In kusurwar da ke da soket ɗin lantarki ta zama fili, wannan ba da gangan ba ne. Na share ta, na kuma ajiye kujera mai taushi.
Auta ta shigo, ta daɗe tana kallon wurin.
"Baba, me za a sa a nan?"
Na ce ni mutumin da ne, ina zan sani? Amma duk mai son riga, ya zo da kafaɗarsa. Wannan kam ba zan sauka ba.
Ta ce, "Ni ma ba zan bari ka sauka ba."
Ba ta ce ta fasa tafiya ba, ban kuma tambaya ba. Na dai ga ta ciro tef daga wuyanta tana auna kusurwar.