Fatihar da Ba Ta Shiga Fayil Ba

Zuwa ga Manajan bankin da ke riƙe da takardar gidana, reshen Haɗejiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Sunana Habu, ina noman shinkafa a fadamar da ke hanyar Guri. Ranka ya daɗe, na fito da maganar nan bainar jama'a ne domin sawuna bakwai a ofishinka, kullum sai a ce kana taro. Ni kuwa zama ya gagare ni. Ko abinci a tsaye nake ci.

Na ɗaya. Na karɓi rancenku na ƙarasa gini a filin da na gada, na jinginar da takardarsa. Ban musa ba. Shekara huɗu ina biya, ba ku taɓa aiko mini ba. Tun ranar sa hannu na faɗa wa ma'aikatanku cewa manomi ba ya ɗaukar albashi, kuɗinmu sau biyu suke zuwa, da kaka da bayan girbin rani. Suka yi dariya, suka ce kwamfuta wata-wata ta sani.

Na biyu. Daminar bara kogi ya ɓalle, ya kwanta a gonata wata guda cur. Shinkafar da ta fara ciki ta ruɓe a tsaye. Jami'inku mai bin biya, Malam Sabo, ya zo har zaurena jaje. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma, ya sha fura. Na roƙe shi a ɗaga mini ƙafa zuwa girbin rani. Ya ce, "Ba komai Malam Habu, Allah ya mayar da alheri, sai ka girbe." Muka shafa fatiha a gaban limaminmu da maƙwabta biyu.

A nan na yi wauta, na amsa laifina. A wajenmu in an yi magana an shafa fatiha, an gama. Haka muke aron gona, haka muke cinikin shanu. In ce wa mutum ya rubuta mini a takarda, ran da ya zo taya ni baƙin ciki? Kunya ba ta bar ni ba.

Na uku. Da na girbe rani na kawo kuɗin wata shida a dunƙule. Aka ce an yi wa Malam Sabo canjin wurin aiki, babu wata alfarma a fayil ɗina, tara ta hau, kuma ba a karɓar rabi. Sau uku ina cike takardar neman a sake mini tsarin biya. Ta farko ta ɓata. Ta biyu aka ce hotona ya tsufa. Ta uku aka ce in kawo shaidar albashi. Wa zai ba ni, kogi?

Makon jiya mutanenku suka zo suka rubuta da jan fenti a katangata cewa za a yi gwanjon gidan bayan kwana talatin. Yau saura ashirin da uku.

Ga roƙona, kuma ban ce a yafe mini ko kwabo ba. A kira Malam Sabo a waya, a haɗa shi da Allah ya faɗi abin da ya ce a zaurena. Liman a shirye yake ya zo ya ba da shaida. A karɓi abin da ke hannuna. A mayar da biyana sau biyu a shekara. A dakatar da gwanjon nan, don girman Allah.

Mahaifiyata tana ɗakin da ke jikin zaure, idonta ya tafi shekara biyu ke nan. Ta ji warin fentin ta tambaye ni, na ce gyaran katanga nake yi. Ta sa mini albarka, ta ce in ya yi saura in shafa wa ɗakinta.

Allah ya ƙara maka girma, ya rufa maka asiri duniya da lahira. Allah kada ya nuna maka ranar da za ka yi wa mahaifiyarka ƙarya irin wadda na yi wa tawa.

Wassalam.
Habu manomi, Haɗejiya.