Ranar da Motar Benson Ta Ƙi Gudu

Yaya Ebenezer,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, da fatan kai da Anti Edith da yara kuna lafiya a can Fatakwal. Allah ya ci gaba da tsare ku. Mu nan Mahuta sai godiya. Mama tana wurina tun da aka sallame ta daga asibiti. Tana shan kunu idan an ba ta a cokali, amma ɓarin jikinta na dama ba ya motsi, magana kuma ba ta dawo ba. Likita ya ce da an kawo ta da wuri, da abin bai kai haka ba.

Na ji ka ce sakacin mijina Benson ne, shi ya sa na zauna rubuto maka, domin ina cikin motar ranar. Mun ɗauko Mama daga Kakau za mu kai ta asibiti, muna hawa titin Abuja motar ta fizga, allurar da ke nuna gudu ta faɗi ƙasa, giya ta ƙi canzawa. Benson na taka mai, injin na ihu, mu kuwa muna tafiya kamar amalanke, ga kan Mama a cinyata. Da ƙyar muka kai Gonin Gora, inda wani mai Keke Napep ya yarda ya ɗauke mu.

Makaniken farko ya ce giyar ce ta mutu gaba ɗaya. Benson bai gamsu ba, ya kai ta garejin Malam Ibrahim a Makera. Shi ya jona mata kwamfuta, sannan ya shiga ƙarƙashi ya kwance wani ɗan abu da bai fi babban yatsa ba, wai shi sensa. Ya ce shi ke gaya wa giya irin gudun da mota take yi, idan ya daina aiki sai motar ta maƙale a giya ɗaya. Wayarsa ce ta tsinke daga ciki, inda ido ba ya gani. Benson ya tambaye shi ko da yadda za a yi ya sani tun kafin ranar, ya ce sau da yawa abin ba ya ba da alama.

Motar ta gyaru, amma Benson ya rufe ta da tampol, bas yake shiga zuwa aiki. Shi ke ɗaga Mama kullum safe in yi mata wanka, abinci kuwa sai na matsa masa. Ya rame sosai. Don Allah, Yaya, ka kira shi, ko gaisuwa ce kawai.

Ka gaida Anti Edith da Tony da Hadassah. Lizzy tana gaishe ku.

Ƙanwarka,
Celina