Akushin da Injinka Ya Huda

Ukasha, kai ne ka huda mini akushi, kada ka tashi daga barci ka ce ɓera ne.

Da safe na zuba ɗumame, sai miya ta tsiyayo mini a zani. Na kifa akushin, ga rami, ga rabin fure an sassaƙa a gindinsa. Injin nan da ka haɗa da ƙarafan tsohon gado, mai sassaƙa da kwamfuta, duk katakon Kazaure bai ishe shi gwaji ba sai akushin da uwata ta zo da shi daga Roni? Wata uku ina shan ƙararsa, ban ce uffan ba.

To, na garƙame ɗakin injin da kwaɗo, makullin yana ƙulle a bakin zanina. Na tafi suna Gwiwa, sai jibi. Ƙofar da ka ce za ka gama sassaƙawa yau ta jira.

Shahida matar yayanka na sa ta rubuta, maganar tawa ce. Wannan ba wasan jika da kaka ba ne. Jibi bayan la'asar ka same ni a zauren kawunka Baba Kura, ka faɗa da bakinka wa ya ba ka akushin uwata.